Neman Inda Ruwa Ya Tsaya

Yayana ne ya koya mini cewa ruwan sama yana da iyaka, kuma mutum yana iya hawa keke ya je ya same ta.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ne babba, ni ne na ƙarshe, don haka bai taɓa kirana da wani abu ba sai auta, har bayan na yi furfura. Aikin jirgin ƙasa ya yi a nan Kaura. Shi ne mai bin layin dogo da ƙafa, da guduma a kafaɗa, yana duba inda ƙusa ta kwance. Da jirgi ya rage zuwa aka sallame su, ya dawo gida ya zauna. Amma ƙafar da ta saba da tafiya ba ta iya zama ba. Sai ya fito da tsohon kekensa, ya wanke shi, ya sa wa sarƙa mai, ya ce in fito da nawa.

Ni awon hatsi nake yi a kasuwa, kuma kasuwa ba ta cika sai hantsi ya yi. Saboda haka safiya tamu ce.

Wanda ya san bazara a ƙasarmu ya san yadda ruwan farko yake. Ba ya game ko'ina. Sai a sheƙa shi a wannan ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo bai samu ba. Abin da Yaya yake so shi ne, duk ranar da aka yi ruwa, washegari bayan sallar asuba mu hau keke mu bi hanya har sai mun kai inda ruwan ya tsaya. Wani lokaci a kan kwalta ma ana ganin wurin, nan baƙi da danshi, can fari fat, kamar an ja layi da sanda. Sai ya sauka, ya jingine keke, ya shiga gonar da ke gefe, ya tona ƙasa da hannu. In danshi ya wuce tafin hannunsa sai ya ce, “Wanga na shuka ne.” In bai kai ba sai ya kakkaɓe hannu ya ce, “Wanga sallama ce kawai yay yi.”

Ba mu da gona a can. Babu wanda ya aike mu. In mun gani, sai mu sha ruwan gorarmu mu juyo.

Masu sharar gona sun san mu a hanyar Zurmi. In sun hango mu sai su daina aiki su ɗaga murya.

“Malam, yau kuma ina za a tahi?”

“Wurin ruwa za mu.”

“To in kun same shi ku ce muna gaishe shi, ku ce gonarmu ma tana nan!”

Bazara ba ta da hali ɗaya, shi ya sa ba a gajiya da ita. Akwai safiyar da za mu fita gari ya yi tsit, zafi tun kafin rana ta ɗaga, darbejiya ta yi fure ƙamshinta ya cika hanya, jakuna suna ta kai taki gonaki. Akwai safiyar da iska mai sanyi za ta biyo mu ta baya, keke yana tafiya kusan ba feda. Tsamiya ta yi sabon ganye ja-ja, kuka ta fara toho, gawo kuma ya soma zubar da nasa. Yaya ba ya wuce gawo bai yi masa tsiya ba. Yakan ce kowa na sa riga, shi yana tuɓewa.

Wata rana hadari ya tare mu a hanyar Shinkafi. Daga gabas ya taso, baƙi ƙirin, kafin mu yi shawara ya iso da ƙanƙara. Muka jefar da kekuna muka shige ƙarƙashin wata kwalbati, mu biyu da wata akuya da ta riga mu. Yaya yana miƙa hula waje yana tarar ƙanƙara yana tauna, yana dariya kamar ba shi ne mai jikoki ba. Ranar ya ce tunda ruwa ya same mu a hanya, dole mu ga ƙarshensa. Muka yi ta tafiya, ƙasa jiƙe, kwaɗi na ta kuka a kududdufai, ruwa bai tsaya ba. Sai ga mu a Shinkafi da la'asar, ƙafafuna na rawa. A bayan motar hatsi muka dawo, mu da kekunan. Matar Yaya ta tare mu a ƙofar zaure ta ce, “Ƙanen miji, kai ne mai hankalin da nike ba ajiyar tsoho?”

A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha ne na fara lura da wani abu. Muna tafe a hanyar Zurmi, wani jaki ya fito daga gefen hanya ɗauke da mangala. Ni na gan shi tun daga nesa. Yaya kuwa bai ja birki ba har sai da ya shige cikinsa. Ya faɗi, gwiwarsa ta kuje. Na ɗaga shi ina dariya, shi ma yana dariya yana cewa laifin jakin ne, bai yi oda ba.

Da muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya yana goge jinin da ganye, sai ya daina dariya.

“Auta, zan hwaɗa maka wata magana. Amma amana ce.”

Na ce ina ji.

“Ban ga jakin nan ba. Gehe-gehen idona ya tahi. Tsakiya ta rage, kamar mai leƙe ta cikin kara. Kuma kullum karan ƙara tsukewa yakai.”

Ashe ya riga ya je asibiti a Gusau shi kaɗai, ya ce wa gida fansho ya je nema. Likita ya ce masa hawan jinin ido ne, an makara, ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin amma ba zai tsayar da shi ba. Yana ɓoye kwalbar a aljihun ciki.

“In tas sani za ta hana ni keke,” in ji shi. “Kuma da gaskiyarta. Amma bazara biyu ko uku sunka rage mini, auta. Ina son in gan su. Ka bar ni in gan su, sannan in zauna.”

Na yi masa alkawari. Na tuna har hannu na sa a ƙirji.

Daga ranar muka sake tsari. Da shi ke gaba, yanzu ni na koma gaba. Kullum farar riga nake sawa, don ita idonsa yake kamawa ya bi. In akwai rami in kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. In dabba ce ko mota, sau biyu, sai ya ja birki. In akwai abin kallo a gefe, sai in tsaya in ce, “Yaya, juya hagu,” ya juya kansa gaba ɗaya ya duba. Haka ya ga shamuwar farko ta shekarar a kan wata kuka. Ya daɗe yana kallonta. Bazara biyu muka yi a haka, ko sau ɗaya bai sake faɗuwa ba.

Yanzu zan faɗi nawa.

Sabuwar jiha ta zo da buɗi. Hatsi yana tafiya, baƙi suna shigowa, ni ma Allah ya buɗa mini na sayi babur. Na fara zama majalisar manyan 'yan kasuwa bayan la'asar. Su ne suka sa mini suna mai bin ruwa. Wani ya ce ya gan ni da sassafe ina kaɗa ƙararrawa kamar mai tallan alawa, tsoho na biye da ni. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Na fara jin kunyar keken. Na fara jin nauyin tashi. Tafiyar ma ta zama a hankali, kullum ina waige, kullum ina jira.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki wata irin natsuwa, masallatai suka cika, kowa yana gyara mudunsa da bakinsa. Mutane da yawa sun gyaru da gaske a lokacin, na san su. Ni kuwa abin da na yi shi ne na sami rigar da zan lulluɓe son zuciyata. Na je na ce wa Yaya yanzu lokacin wasa ya wuce, bai dace magidanta su riƙa yawon da ba dalili ba, gara a zauna masallaci har rana ta fito.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Wane malami yah hana kallon ikon Allah?”

Babu malamin da ya hana. Kuma ni ɗin ba masallacin nake zama ba, komawa nake in ƙara barci.

Da wannan bai yi ba, sai na bi ta wata hanya. Ana gab da fara hadari, na sami matar Yaya ita kaɗai a tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna na yi fuskar damuwa, na faɗa mata komai: jakin, likitan, kwalbar aljihu, farar riga, ƙararrawa. Ta saki rariya. Ta yi kuka, ta yi mini godiya, ta ce na ceci ran mijinta.

Har yau in aka ji labarin sai a ce ai daidai na yi, matarsa ce, tana da haƙƙin sani, kuma hanya akwai motoci. Ban musa ba. Amma ni na san abin da ya kai ni tsakar gidan nan, Allah kuma ya sani. Ba tsoron motoci ba ne. Na san za ta hana shi, in ta hana shi ni na huta, kuma ba za a ce ni na ƙi ba.

Ta kuwa hana shi. Ta ce in taimaka mata a ɗaga keken inda ba zai kai ba. Ni da hannuna na ɗaura masa igiya na rataye shi a azarar zaure. Yaya yana zaune a kan buzunsa a wurin. Ya ɗaga kai, ya juya fuska har ya sa ni a cikin ɗan abin da ya rage masa na gani, ya kalle ni. Na jira ya yi faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Sassauta wa tayun iska, auta, kada zahi ya hwasa su.”

Bazarar shekarar ta yi kyau. Ba na mantawa, domin kowace safiya sai na wuce ta ƙofarsa in gaishe shi, yana zaune a bakin zaure fuskarsa na kallon gabas.

“An yi ruwa jiya. Ina yat tsaya?”

“Wallahi ban sani ba, Yaya. An ce dai har wajen Zurmi.”

“An ce,” yakan maimaita.

Ina da babur a lokacin. Da na ce masa ya hau baya mu je, da ya gani da idonsa, domin har lokacin yana gani. Minti nawa ne? Ban ce ba. Wannan ya fi tona amanar ci mini rai. Kullum ina cewa sai an yi wani ruwan, sai kasuwa ta lafa. Aka yi shuka, gero ya rufe ƙasa, bazara ta wuce. Kafin a yi girbi, karan da yake leƙe ta ciki ya rufe.

Ban je na nemi gafara ba. Na riƙa kai masa goro da nama, ina zama kaɗan in tashi. Shi kuma bai canja mini ba, auta ne dai kamar kullum. Hakan ya fi zafi.

Matarsa ce ta karya ni, ba kuma da niyya ba. Shekara ta zagayo, aka yi yayyafin farko. Na shiga gaishe ta, sai ta jawo ni gefe ta rage murya.

“Ƙanen miji, ka san abin da yayanka yaka yi? In an yi ruwa, yana dawowa masallaci sai ya lalubi bango ya tsaya ƙarƙashin keken nan. Ya miƙa sanda ya juya tayar. Ya tsaya yana saurare har ta tsaya. Sannan ya zauna.”

Ta ƙara da cewa:

“Ni da nic ce a rataye keke, na ɗauka kai za ka ce ka riƙa goya shi. Na yi ta jira ka hwaɗa. Na ji nauyin in roƙe ka, na ga kana da hidima.”

Na fita ban yi mata sallama ba. Na je rumfata na zauna, masu saye na magana ban san abin da suke cewa ba. A watannin nan an yi ta wa'azi a kan amana da haƙƙin ɗan'uwa, ina sahun gaba ina gyaɗa kai, ina tuna wasu mutane. Ranar ce na fara tuna kaina.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa sosai da yamma. Washegari ana sallame asuba na tura babur ƙofar gidansa.

“Yaya, tashi mu tahi.”

“Ina?”

“Wurin ruwa.”

Ya miƙa hannu ya taɓa babur ɗin, ya janye.

“Bisa wanga? In ji mi? Ƙararsa ko hayaƙinsa? Ido ya tahi, kana son ka toshe mini kunne da hanci?”

Na mayar da babur. Na hau kujera na kwance igiyar da na ɗaura, na sauko da kekensa, domin kariyarsa ta goyo ta fi tawa ƙarfi. Na ba tayu iska, na sa wa sarƙa mai. Matarsa ta naɗe zane ta ɗaura a kariya, ta miƙo gora, ta ce, “Ka dawo mini da shi yadda kat tahi da shi.” Ya hau baya ya riƙe ni a kugu. Sai na ji yatsunsa na murza yadin rigata.

“Wace ce kas sa?”

“Farar ce, Yaya.”

“Don wa?”

Na taka feda.

Goyon babban mutum a keke ba wasa ba ne, kuma na shekara ban hau ba. Kafin mu fita gari na jiƙe da zufa. Yana jin hakin da nake yi yana cewa, “Babur ya lalata ka.” Muka kama hanyar Zurmi. Gari ya yi lumshi, rana ba ta fito ba, iska mai sanyi. Sai ya ce in faɗa masa abin da nake gani, kada in rage komai.

Ban iya ba da farko. Na ce ga gonaki, ga itatuwa.

“Wane icce? Ya yi ganye ko bai yi ba? Kai, shekara nawa kana bina?”

Sai na fara dubawa da gaske. Na ce ga tsamiyarmu, ganyen ya wuce ja ya koma kore shar. Ga wani mutum da sungumi, matarsa na biye tana jefa iri tana takewa. Ga fukafukan shinge, ƙwarin nan masu fitowa bayan ruwa, sun cika gefen hanya, kaji na tsinta. Ga ruwa kwance a kwari, sararin sama a cikinsa. Ga shamuwa uku a kan kuka.

“Uku? Tsaye ko kwance?”

“Biyu tsaye, ɗaya na gyaran sheƙa.”

“To. Ci gaba.”

Masu shuka suka hango mu. Wani ya ɗaga murya, “Malam! Bara ina kunka shiga? Munka ce ko kun sami ruwan kun zauna can!” Yaya ya ɗaga masa hannu, ya ce bara direbansa ne ba shi da lafiya.

Mun yi nisa, ina ta kallon kwalta ina neman layin, sai ya matse ni a kugu.

“Tsaya. Mun iso.”

“Yaya, ƙasa jiƙe take.”

“Tsaya dai. Iskar gaba busasshiya ce, ƙamshin ya rage.”

Na sauka na kama hannunsa muka taka. Ba mu yi taku talatin ba sai ga shi, nan baƙi can fari. Na kai shi cikin gonar gefe. Ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya tona. Hannunsa ya shige har wuyan hannu.

A nan na durƙusa kusa da shi na faɗa masa. Ban ce masa tsoro ne ya sa ni ba. Na ce kunyar majalisa ce, da lalaci, da son a ce ni ma babba ne. Na ce na fake da addini, na fake da matarsa. Na ce ina da babur duk bazarar bara ban ɗauke shi ba. Na ce ni na cinye masa ita.

Bai ciro hannunsa daga ƙasa ba.

“Na sani, auta. Tun ranar da kaz zo mini da wa'azi nis sani.”

“Ka yafe mini, Yaya.”

“Na so in ga ta bara. Ba zan yi maka ƙarya ba, na so ƙwarai. Na yi hushi da kai har kaka. Na yahe. Duniya da lahira. Share hancinka, mutane na aiki kusa.”

Ya ciro hannu, ya damƙi ƙasar, ya kai hanci, sannan ya lalubo tafina ya zuba mini.

“Wanga na shuka ne,” ya ce.

Bazara shida na goya shi bayan wannan. 'Yan majalisa sun yi dariyarsu sun gaji, har wani daga cikinsu ya fara tambayata da safe ina ruwa ya tsaya, don yana da gona a wajen Katuru. Ba su biya ta barar ba, shidan nan. Ban taɓa ɗauka sun biya ba, shi ma bai ce ba.

Keken yana wurina yanzu. Gwiwa ba ta barina in yi nisa, amma in aka yi ruwan farko nakan fita bayan asuba, in je iyakar inda zan iya. In na wuce rami har yau hannuna yakan kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. In na kai wurin, sai in tona, in yi masa addu'a, in juyo.